Idan Daji Ya Ƙuntata: Yadda Namun Dawa Ke Sauya Hali Kafin Su Ƙare

A ƙauyukan da ke kewaye da dajin Yankari, cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, kukan manoma a ƙarshen damina kusan iri ɗaya ne kowace shekara: giwaye sun fito cikin dare, sun tattake masara da dawa, sun yi wa gona kaca-kaca, kafin asuba sun koma. Wanda aka yi wa wannan ɓarna, in ka tambaye shi, zai ce maka giwaye sun yi yawa. Ba ƙarya ya yi ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Sai dai ƙidaya ta saɓa masa. A 2006 an ƙirga giwaye kusan 350 a Yankari daga jirgin sama, ƙiyasin 'yan shekarun nan kuwa bai wuce 100 zuwa 150 ba. Giwa ta ragu, kukan manomi bai ragu ba.

Wannan saɓani tsakanin idon manomi da alƙalamin mai ƙidaya ba a Yankari kaɗai yake ba. In aka tambayi mutane me ke samun naman daji idan ɗan Adam ya cinye dajin, amsar da suka saba bayarwa ita ce ya mutu ya ƙare. Haka ne, amma ba nan take ba. Kafin dabba ta ƙare sai ta sauya hali tukuna. Ta sauya lokacin fita kiwo, ta rage nisan tafiya, ta koyi cin abin da kakanninta ba su sani ba, ta matso kusa da mutum alhali tsoronsa take ji. Adadi daga baya yake faɗuwa, wani lokaci bayan shekara talatin ko hamsin. Shi ya sa duk mai jiran sai ƙidaya ta nuna masa akwai matsala, a makare yake isowa.

Girman abin ya wuce yadda yawancinmu ke zato. A 2023 masu bincike a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun lissafa nauyin dabbobi masu shayarwa na duniya baki ɗaya. Na daji da ke rayuwa a doron ƙasa, daga giwa har ɓera, sun kama tan miliyan 20 da ɗan ɗoriya. Mu 'yan Adam tan miliyan 390. Dabbobinmu na gida, shanu da tumaki da awaki da aladu da sauransu, tan miliyan 630. A Kenya, inda gwamnati ta daɗe tana ƙirga dabbobi daga jirgin sama, manyan namun daji sun ragu da kashi 68 cikin 100 a filayen kiwo tsakanin 1977 da 2016, tumaki da awaki kuwa suka ƙaru da kashi 76. Wani nazari na 2010 kan gandayen dajin Afirka ya sami raguwar kashi 59 daga 1970 zuwa 2005, kuma yankin da ya fi kowanne muni shi ne namu, Afirka ta Yamma, da kashi 85. A cikin gandayen da doka ke karewa ke nan fa, ba a wajensu ba. A 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ƙirga giwaye 96 a garke ɗaya a gefen Tafkin Chadi. Yau duk giwayen Najeriya in an haɗa su ba su wuce 400 ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar mazaunin dabba a matsayin fili guda, wanda za a auna, a kewaye, a kafa masa allo. A ƙasa irin tamu, mai damina ta wata uku ko huɗu da rani mai tsawo, babbar dabba ba ta da gida ɗaya. Tana da wurin damina, tana da wurin rani, tana da hanyar da ta haɗa su. Giwayen Gurma a Mali suna yin zagaye ɗaya a shekara a yankin da ya kai murabba'in kilomita 32,000, mafi faɗin yawon giwa da aka taɓa aunawa. Da bazara su taru a tafkin Banzena, wanda ya fi sauran jure rani. Ruwan sama na sauka su gangara kudu zuwa kan iyakar Burkina Faso, ta wata 'yar ƙofa tsakanin duwatsu. Filin wannan ƙofa ba a bakin komai yake ba in an gwada shi da faɗin yankin, amma in ƙauye ya zauna a bakinta, ko gonaki suka toshe ta, zagayen gaba ɗaya ya lalace. Haka raƙuman dawan Kure a Nijar, kimanin kilomita 60 daga Yamai, waɗanda su ne ragowar irin da a farkon ƙarni na 20 ya bazu daga Senegal har Tafkin Chadi. Da damina suna kan tudu cikin kurmin geza da ƙayoyi, da rani su sauka kwarin Dallol Boso saboda gawo, itacen da ke fid da ganye daidai lokacin da sauran suka zubar. Mai saran itacen girki da zai kai Yamai yana cin wurin daminarsu, mai faɗaɗa gonar gero yana cin wurin raninsu.

Abin da ke faruwa in aka yanke ɗaya daga cikin ukun nan, an gan shi a gandun Waza, a arewacin Kamaru. Kowace shekara kogin Logone yakan cika ya malale fadamun gabashin gandun, ruwa ya ja baya ya bar ɗanyar ciyawa da dabbobi za su ci har ƙarshen rani. A 1979 aka gina madatsar Maga saboda noman shinkafa. Ba a taɓa ko taku ɗaya na filin gandun ba, iyakarsa tana nan inda take a taswira, amma ambaliya ta daina zuwa, fari kuma ya biyo baya. Mariya, wadda ta kai kimanin 20,000 a shekarun 1970, ta koma kimanin 2,000 a tsakiyar shekarun 1980. Giwayen Waza kuwa wasunsu suka riƙa gangarawa kudu da damina zuwa yankin Kaele, suna faɗa wa gonaki. Sai a 1994 aka fara buɗe wa ruwan hanya. Mariya ta ɗan farfaɗo, ba ta dai koma yadda take ba.

A Botswana shinge ne ya yi aikin. Don a sami sayar da naman shanu a Turai, tun daga shekarun 1950 aka riƙa jan shingayen waya masu tsawon ɗaruruwan kilomita, a raba shanu da namun daji saboda cutar baki da kofato. Shingen Kuke ya datse hanyar da nyumbu, wata dabba mai gemu da ta ɗauko kamannin gwanki da bauna, ke bi daga hamadar Kalahari zuwa ruwa a arewa. A farin 1983 dabbobin suka yi ta bin waya suna neman ƙofa, har suka ƙare a gaɓar tafkin Xau, inda shanu suka riga suka cinye ciyawa. Dubun-dubata suka mutu, garken Kalahari bai sake miƙewa ba.

Mutumin Arewa ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san burtali. Makiyayi yana da mashekarinsa na damina, yana da wurin cin rani, burtali ne ya haɗa su. In gonaki suka cinye burtalin, ba a kashe saniya ko ɗaya ba, amma an tilasta wa garke bi ta cikin amfanin gona, da dare, da sauri, rigima kuma ta biyo baya. Abin da ke samun giwa ke nan. Kuma matsalolin biyu a ɗaure suke: makiyayin da ya rasa labi da burtali, gandun daji yake korawa da shanunsa, ko Yankari, ko Kainji, ko gandun W, sai ƙuncin waje ya bi dabba har cikin mafakarta.

Dabbar da aka ƙuntata, abu na farko da take sayarwa shi ne rana. A 2018 mujallar Science ta buga wani nazari ƙarƙashin Kaitlyn Gaynor da ya tattara bincike 76 kan nau'o'i 62 a nahiyoyi shida. Sakamakon ya nuna cewa inda mutane ke kai da kawo, dabbar da a da take raba zirga-zirgarta rabi da rana rabi da dare takan koma kashi 68 cikin 100 da dare. Abin mamakin shi ne ba sai an yi farauta ba. Noma, ko hanya, ko masu yawon shan iska ma sun isa. A Kibale ta Uganda kyamarori sun ɗauki birin cimfanzi, wanda kowa ya sani da kwana a kan itace tun faɗuwar rana, yana shiga gonar masara cikin duhu. A Bossou ta Gini, inda hanyoyi suka ratsa ɗan dajinsu, cimfanzi sun yi wa tsallaka titi tsari: manyan maza a gaba da baya, mata da yara a tsakiya, kuma sun fi daɗewa suna jira a bakin hanyar da ta fi faɗi.

Wani zai ce ai wannan labari ne mai daɗi, an raba gari ke nan, mutum ya ɗauki rana, dabba ta ɗauki dare. Akwai gaskiya a ciki, domin da ba don wannan dabara ba da da yawa sun ƙare tuni. Amma dare yana da mai shi. A yankin Hwange na Zimbabwe, a wuraren da ake farauta, an ga dangin gwanki sun koma shan ruwa da dare don kauce wa mutum, dare kuwa shi ne lokacin da zaki da kura ke kewaya mashaya. Dabbar da idonta da ƙafarta na rana ne, in ta koma kiwon dare, abincin da take samu ya ragu, haɗarin da take ciki ya ƙaru, 'ya'yanta ne kuma ke fara biyan kuɗin.

Abu na biyu shi ne tafiya. A wannan shekara ta 2018 wani ayarin masana ƙarƙashin Marlee Tucker ya bi sawun dabbobi 803 daga nau'o'i 57 ta na'urar tauraron ɗan Adam da aka rataya musu. Inda sawun mutum ya yi yawa, nisan da dabba ke yi ya koma rabi, wani wurin ma sulusi. Dalili biyu ne, kuma sun bambanta. Wata shinge da titi da gari ne suka tare ta. Wata kuwa ba ta ga dalilin wahala ba, tunda ga gona ga juji a kusa. Masara da ta nuna ta fi kowace ciyawar daji gina jiki, giwa kuma ba wawiya ba ce. Giwar da ta ɗanɗana hatsi da wuya ta manta, ƙananan maza kuma daga manya suke koyo. Ta haka ne dabba ke raguwa ɓarnarta tana nan: goma da ke kwana a gefen gona sun fi ɗari da ke tsakiyar daji shiga ido. Raguwar tafiya tana da wata asara da ba a gani da wuri. Dabba mai tafiya ita ke kai ƙwallon itace nesa a cikin kashinta, ita ke kai jininta ga wani garke. In ta tsaya, daji ma ya tsaya.

Akwai kuma tsoro, wanda ke cin fili fiye da gatari. A 2023 Liana Zanette da abokan aikinta sun kafa lasifika a bakin mashaya a yankin Kruger na Afirka ta Kudu, suna sakin gurnanin zaki a wani lokaci, a wani lokaci kuma muryar mutane suna hira kawai. Kusan dukkan nau'o'in da aka gwada sun fi gudun muryar mutum, gudun ma ya ninka na zaki. Ma'anar wannan ita ce titi mai faɗin taku goma yana iya kore dabba daga fili mai faɗin kilomita a kowane gefe. Itatuwa suna nan tsaye, hoton sama ya nuna kore shar, amma a wurin dabba wannan daji ya riga ya tafi.

Abin da ya fi damuna a duk wannan shi ne ilimin da ke ɓacewa. Hanyar ruwa ba a cikin jini kaɗai take ba, koyonta ake yi. A farin 1993 a gandun Tarangire na Tanzaniya, garkunan giwayen da suka fita daga gandun suka nemi abinci a nesa sun fi tsira da 'ya'yansu, kuma garkunan ne masu tsofaffin iyaye mata da suka ga farin 1958 zuwa 1961. Garken da uwarsa yarinya ce ya zauna inda yake, ya yi asara mai yawa. A Amurka, tumakin dutse da aka kwashe aka kai sababbin wurare, ƙalilan ne cikinsu suka yi ƙaurar shekara-shekara, sai bayan gomman shekaru zuriyarsu ta koyi bin ɗanyar ciyawa. Hanyar da aka toshe na tsawon rayuwar garke ɗaya, ko an buɗe ta, mai yiwuwa babu sauran wanda ya san ta. Ba kullum ba dai. A Botswanan nan, shingen da aka kafa a 1968 tsakanin Okavango da Makgadikgadi an cire shi a 2004, cikin 'yan shekaru jakunan dawa suka koma bin tsohuwar hanyar, fiye da kilomita 250, alhali da wuya a ce akwai mai rai cikinsu da ya taɓa bin ta.

Sannan a zo ga adadi. Gandun da gonaki suka kewaye shi ta ko'ina tsibiri ne, tsibiri kuwa yana zubar da nau'o'insa ɗaya bayan ɗaya. William Newmark ya nuna haka a 1987 a gandayen yammacin Amurka ta Arewa: ƙananan sun fi manyan rasa dabbobi tun bayan kafa su. A Ghana, Justin Brashares ya bi rahotannin sintirin masu gadin daji na shekara 30 a gandaye shida, ya sami cewa abu biyu ne ke faɗa maka yawan nau'o'in da gandu zai rasa: ƙanƙantarsa, da yawan mutanen da ke kewaye da shi. Masu fara tafiya su ne masu buƙatar fili mai faɗi da masu jinkirin haihuwa. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, tana haihuwa sau ɗaya a shekara huɗu ko biyar, ba ta iya mayar da gurbin abin da aka kashe da sauri. Zaki da kyarkeci kuwa yawonsu ya fi gandu faɗi, suna tsallake iyaka su haɗu da tarko da guba. A binciken da Philipp Henschel ya jagoranta, wanda aka buga a 2014, an duba gandaye 21 na Afirka ta Yamma da ake zaton akwai zaki, a huɗu kaɗai aka same shi: Niokolo-Koba a Senegal, haɗakar W da Arli da Penjari, sai Kainji da Yankari. Duka-duka kimanin 400. A sauran 17 zaki yana cikin takardun ofis ne kawai.

Ƙaramin garken da ya keɓe yana da wata cuta ta cikin gida, wato barbara tsakanin dangi na kusa. Damisar Fulorida a Amurka ta koma 20 zuwa 30 a farkon shekarun 1990, aka riƙa haifar masu lanƙwasasshiyar wutsiya da ciwon zuciya da maza marasa ƙarfin haihuwa. A 1995 aka kawo mata takwas daga Texas, adadin ya haura ɗari. Cimfanzin Bossou ba su sami irin wannan gata ba. Ɗan fili na 'yan kilomita ne ya raba su da dajin tsaunukan Nimba. Al'adar cimfanzi ita ce budurwa ta bar gida ta shiga wani garke. Na Bossou suna fita, wasu ba sa shigowa. Mutanen garin ba sa kashe su, suna ma girmama su, duk da haka garken da ya kai ashirin ya koma bai kai goma ba, yawanci tsofaffi. Masana suna ce wa irin wannan bashin ƙarewa: an sare dajin tuni, dabbar tana nan ana ganinta ana ɗaukar hoto, amma lissafinta ya riga ya rufe.

Ba kowa ke asara ba. Inda zaki da damisa suka ɓace a gandayen Ghana, gwaggon biri ya yi yawa ya addabi gonaki, har iyaye suna hana yara makaranta don gadi. Duk wanda ya kwana a sansanin Wikki na Yankari ya san yadda wannan biri ya ƙware a buɗe ƙofa da warce leda. A Mekele ta Habasha kura ta koma rayuwa a kan juji da ragowar mahauta, har abincinta ya bi kalandar coci: lokacin azumin Kiristocin Orthodox, da mahauta ke rufewa, gashin jaki da ake samu a kashinta yakan ninka. Manyan masu cin riba dai su ne ƙanana masu saurin haihuwa. Wani nazari a mujallar Nature a 2020 ya nuna cewa a ƙasar da mutum ya juya zuwa gona ko gari, dabbobin da ke ɗauke da cututtukan da ke kama mutum, musamman ɓeraye da jemagu, su ne ke ƙaruwa. Ɓeran nan mai nonuwa da yawa da ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, ɗan gona da rumbu ne. Dajin da aka sare ba ya zama kango, wasu ne ke gadonsa.

A nan dole a yi adalci ga hujjar da ke ƙalubalantar duk wannan bayani. Raƙuman dawan Kure 49 suka rage a 1996. Daga nan zuwa yau kurminsu raguwa ya yi, gonaki ƙaruwa suka yi, amma a 2018 sun haura 600, ba tare da shinge ko gandu ba, suna kiwo tsakanin gero da shanu. Abin da ya sauya shi ne an daina kashe su, an kuma sa mutanen yankin sun ga amfaninsu ta hanyar aikin ja-gora da tallafin ƙauyuka. Giwayen Yankari ma, masu neman haure ne suka fi rage su, ba garma ba. To ashe ba rashin daji ne matsalar ba, bindiga ce? A ganina raba su biyun ɓata lokaci ne. Hanyar da aka fasa don katako ko man fetur ita ce mafarauci ke bi da babur. A Termit da Tin Tumma, gabashin Nijar, hamada ce da ba mai noma ta, amma bayan fara aikin man Agadem da motoci da masu bindiga da suka zo da shi, binciken 2016 ya ga adaks uku kacal, wato farar barewar nan ta hamada mai murɗaɗɗen ƙaho, a wurin da shi ne mafakarta ta ƙarshe. Kure ma nasararta ta zo da nata nauyi: raƙuman dawa suna cin wake da mangwaron mutane, suna tsallaka titin Yamai zuwa Doso, kuma kusan duk suna wuri ɗaya inda annoba guda za ta iya share su. Dalilin da ya sa ke nan a 2018 aka kwashi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Harin Agustan 2020, da aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure, ya kuma tsayar da baƙin da kuɗinsu ke sa manomi ya yi haƙuri.

Manomin kuwa ba shi ne mugun labarin ba. Nijar tana da mutum kimanin miliyan 3 da rabi a 1960, yau ta haura miliyan 25. Najeriya daga miliyan 45 ta haura 200. Mutumin da gonar gadonsa aka raba wa 'ya'ya takwas, ƙasar ta gaji, taki ya fi ƙarfinsa, daji zai nufa, kuma ba wa'azin da zai hana shi. Ana yawan yi masa magana a kan gadon duniya daga ofisoshi masu sanyi, alhali shi ne kaɗai ake nema ya biya kuɗin gadon da hatsin shekararsa. Duk tsarin da bai fara da asararsa ba, guba zai ƙare a kai. Akwai dabaru da aka gwada suka yi aiki gwargwado. A Kenya, Lucy King ta nuna cewa shingen amya da aka haɗa da waya yana mayar da kusan giwa takwas cikin goma, manomi kuma ya sami zuma. Na'urar bin sawu da aka rataya wa wasu giwayen Yankari tana ba masu gadi damar sanin inda garke ya dosa kafin ya isa gona. A Banff ta Kanada gadoji da ramukan tsallakawa, haɗe da shinge, sun rage karon mota da namun daji da sama da kashi 80 cikin 100.

Waɗannan duka rage zafi ne. Babbar maganar tana kan filin da ke wajen gandu, siririyar ƙasar da ke tsakanin wurin damina da wurin rani, wadda a yawancin ƙasashenmu ba ta da suna a doka. Nijar ta ɗan yi gaba a wannan fanni saboda makiyaya: Dokar Karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince da yawon kiwo a matsayin haƙƙi, a wurare da dama an kafa wa burtali duwatsun siminti. A Najeriya an yi dokar wuraren kiwo ta Arewa tun 1965, amma cikin wurare 415 da ake lissafawa kusan sulusi ne kawai aka tabbatar a hukumance, da yawa kuma sun zama gonaki da unguwanni. Ƙasar da ta kasa tsare hanyar saniya, mai mai ita, mai ƙungiya, mai ƙuri'a, da wuya ta tsare ta giwa. Kuma a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ikon raba filin da ke bayan iyakar gandu yana hannun gwamna da ƙaramar hukuma ne, a aikace kuma da dagaci da hakimin da ke nuna wa sabon manomi inda zai sa gatari. Mai gadin daji, da bindigarsa da takalminsa, ikonsa a bakin allo yake ƙarewa.